Tsofaffin Kwabban Jan Ƙarfe na Amurka: Daga Ina Mai Sha'awa Zai Fara?

Wani ɗan'uwa mazaunin jihar Ohio ya aiko da tambaya. Ya ce a kasuwar tsofaffin kaya ya sayi wani babban kwabo da 'yan daloli kaɗan. A fuskarsa akwai kan mace da taurari kewaye da ita da shekarar 1848, a bayansa an rubuta ONE CENT. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, da ɗan ɗigon kore kusa da baki. Yana so ya san ko na gaske ne, ko zai iya wanke shi ya yi haske, daga ina zai fara idan yana son tara irinsa, kuma ko akwai riba a harkar.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: don Allah kada ka wanke shi. Kada ka sa masa lemun tsami, ko tsamiya, ko toka, ko man goge ƙarfe, kada ma ka murza shi da tsumma. Wannan duhun da kake gani ba dauɗa ba ce. Fata ce da jan ƙarfe ke yi wa kansa a hankali yayin da yake shan iska da hannun mutane, kuma taka ta haura shekara 170 tana taruwa. Duk wanda ya san harkar, fatar yake fara dubawa kafin ya dubi shekara. Ranar da ka kankare ta, kwabon zai fito jajawur mai ƙyalli irin na sabon bututu, ƙwararre zai gane daga nesa, darajarsa ta faɗi ƙasa warwas, kuma ba za ka iya mayar da ita yadda take ba.

Abin da ke hannunka shi ne abin da suke kira babban senti, wanda gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya yi ta fitarwa daga 1793 zuwa 1857. Zanen da ke kan naka na Christian Gobrecht ne, mai gashin kitso, wanda aka fara a 1839. Ɗora shi a kan ƙaramin sikelin masu gwal. Sabo yana da nauyin giram 10.89 da faɗin kusan milimita 27 da rabi, wanda ya sha hannu kuma zai ɗan gaza haka kaɗan. Idan ya faɗa cikin wannan awon, kuma maganaɗisu bai kama shi ba, alama mai ƙarfi ce cewa na gaske ne, domin an buga sama da miliyan 6 a 1848. Ba shi da wuyar samu, ba kuma zai sa ka yi arziki ba. Amma ƙofa ce mai kyau ƙwarai da ka shigo ta cikinta.

Dalilin girmansa shi ne, a farkon kafuwar ƙasar mutane ba su yarda da kuɗin da ƙarfensa bai kusa kai darajar da aka rubuta a kansa ba. Senti na 1793 ma ya fi naka nauyi, giram 13.48 ne, sai a ƙarshen 1795 aka rage saboda tsadar jan ƙarfe. Na farkon da aka fitar a watan Maris na 1793 yana da sarƙa mai zobe 15 a bayansa, don nuna haɗin kan jihohi 15 na lokacin. Jama'a suka ce sarƙa ba alamar 'yanci ba ce, aka daina bayan an buga 36,103 kacal. A kan hatimin farko, wato ƙarfen da ake buga zanen da shi, mai sassaƙa bai auna wurin rubutu daidai ba, sai ya taƙaita sunan ƙasar zuwa AMERI. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka sauya zane har sau biyu, kuma a cikinta ne annobar shawara ta afka wa Filadelfiya ta kashe Joseph Wright, wanda ake jingina wa zane na uku. Ɗaya daga cikin masu sarƙar, wanda ya tsira kamar jiya aka buga shi, an sayar da shi a gwanjo kan dala miliyan 2.35 a 2015.

Dokar 21 ga Fabrairun 1857 ce ta kawo ƙarshen babban senti da rabin senti, aka maye gurbinsu da ƙaramin senti mai hoton gaggafa tana tashi. Mutane suka yi layi a ƙofar gidan buga kuɗi suna kai tsofaffi ana canza musu da sababbi, gwamnati tana narkar da tsofaffin. A nan ne wasu suka farga cewa kuɗin da suka taso da shi zai ɓace, suka shiga neman ɗaya daga kowace shekara. Sha'awar tara kuɗi a Amurka kusan daga nan ta samo tushe, kuma shekara guda bayan haka, a 1858, aka kafa ƙungiyar American Numismatic Society a New York.

Yanzu bari in zo kan abin da ya raba masu tara jan ƙarfe da sauran masu tara kuɗi. Mutum yakan fara da neman shekaru, amma idan ya daɗe sai ya koma neman hatimi. Ana buga kwabo ne ta hanyar matse faifan ƙarfe tsakanin hatimai biyu, na fuska da na baya. A shekarun farko da hannu ake gama kowane hatimi. Ma'aikaci zai ɗauki ɗan ƙarfe mai harafi ɗaya ko lamba ɗaya ko tauraro ɗaya, ya saita shi da ido, ya buga da guduma, sannan ya ɗauki na gaba. Saboda haka babu hatimai biyu da suka zo daidai. A wannan lambar 4 ta taɓa kafaɗar matar, a wancan ta yi nisa. A wannan tsinin ganye ya tsaya a ƙarƙashin D ta kalmar UNITED da ke baya, a wancan ya wuce ta. Ƙarfen hatimi kuma yana da tsada, shi ya sa ba a yar da shi don ya yi kuskure ko ya tsage. Ana ci gaba da aiki da shi, tsagar tana fitowa a kan kwabo kamar siririn zare da ya taso, tana ƙara tsawo daga kwabo zuwa kwabo har wani ɓangare ya ɓalle. Idan ka jera kwabbai biyar na hatimi ɗaya, kana iya faɗin wanda aka fara bugawa da wanda aka buga daf da mutuwar hatimin. Kamar yadda makiyayi ke sanin kowace saniya a garke da ƙahonta da tabonta, alhali baƙo farare kawai yake gani, haka waɗannan mutane suka san hatimansu.

Kurakuran ma'aikatan su ne daɗin abin. Akwai senti na 1801 da ya haɗa kuskure uku a bayansa: inda ya kamata a rubuta 1/100 an rubuta 1/000, ƙafar kewayen ganye ɗaya ta ɓace, kuma U ta UNITED ta fito kamar II. Akwai na 1817 mai taurari 15 maimakon 13. Akwai na 1794 da wani ya zauna ya dasa ƙananan taurari 94 a gefen bayansa, tsakanin haƙoran baki, wato 'yan tsinin da suka kewaye bakin kwabo, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu sosai. Idan shekara ta ƙare hatimi bai mutu ba, ko an sassaƙa shi ba a yi amfani da shi ba, sai a buga sabuwar lamba a kan tsohuwa, ka ga 7 tana leƙowa daga ƙarƙashin 8.

An ba wa waɗannan hatimai lambobi, kuma da su ake magana a kasuwa. William Sheldon ya tsara na 1793 zuwa 1814, daga S-1 zuwa S-295, ban da wasu ƙalilan da ya ware saboda tsananin ƙarancinsu. Mai taurari 94 ɗin nan shi ne S-48. Howard Newcomb ya tsara na 1816 zuwa 1857, Roger Cohen kuma na rabin senti. Naka yana da lambar Newcomb, sai dai gano ta aiki ne na haƙuri. Zuwa shekarun 1840 ana kwafo kusan dukan zanen daga uwar hatimi guda, shekara ce kawai ake bugawa da hannu. Don haka za ka duba inda lambobin shekarar suka tsaya idan aka gwada da lanƙwasar gashin da ke samansu da haƙoran da ke ƙasansu, sannan ka nemi ƙananan layukan zarto. Ni ina ganin wannan horo ne mai kyau ga ido, domin wanda ya iya bambanta hatiman 1848 ba zai sha wuya da na 1798 ba.

Sai maganar aunawa. Ma'aunin 1 zuwa 70 da duniya ke amfani da shi yau wajen faɗin matsayin tsabar kuɗi, Sheldon ne ya ƙirƙiro shi a 1949, kuma don babban senti ya yi shi. Kamfanonin PCGS da NGC, waɗanda aka kafa a 1986 da 1987, suna duba kwabo su ba shi lamba su rufe shi a kwanson roba. Wannan yana da amfani, amma masu jan ƙarfe suna da nasu tsarin da ya fi tsauri. Suna fara duba yawan zanen da ya rage, sannan su zabtare maki saboda kowane aibi: ƙarzuwa, lotsawar baki, ramukan tsatsa, alamar wanki. Kwabon da zanensa ya kai 30 yana iya komawa 12 idan fatarsa ta lalace. Ra'ayina a nan ba ya sauyawa: kwabon da ya goge sosai amma fatarsa sumul take, launin cakulan, ya fi wanda zanensa ya fito raɗau amma jikinsa duk ƙuraje. Na farkon kullum akwai mai nemansa. Na biyun za ka yi ta ba da haƙuri a kansa ranar da ka zo sayarwa.

Wasu shekarun da wahalarsu suka zo. Senti na 1808 zuwa 1814, zanen John Reich, galibi baƙaƙe ne masu ƙuraje, samun mai santsi a cikinsu sai an sha nema. Faifan da ake buga su a kai daga Birmingham ta Ingila ake kawo shi cikin ganguna a jirgin ruwa, daga kamfanin Matthew Boulton. Da yaƙin 1812 ya ɓarke tsakanin Amurka da Birtaniya sai kaya ya yanke, aka lallaɓa da ragowar har ta ƙare, shi ya sa babu senti mai shekarar 1815. (Birmingham ɗin nan ce daga baya ta buga da yawa daga cikin kwabo mai huji da anini da kakanninmu suka kashe. Idan akwai ragowarsu a gida, duba ƙaramar H ko KN a jikinsu, alamar masana'antun garin ce.)

Ɗigon koren da ka ambata yana buƙatar kulawa, domin shi tsatsa ce mai rai, tana cin ƙarfe. Idan mai laushi ne kamar maiƙo, mai yiwuwa daga tsohuwar ledar ajiya ya fito, kuma tsoma kwabon a tsantsar sinadarin asiton na ɗan lokaci yakan ɗauke shi ba tare da taɓa fata ba. Ka yi a wuri mai iska nesa da wuta, kuma ba irin na goge farce mai turare ba. Idan kuwa ya yi tauri kamar dutse, to ya riga ya shiga jiki, kada ka sa allura, ka kai wa wanda ya saba. Wajen ajiya, ka guji leda mai laushi, ita ce ke fitar da sinadarin da ke kawo koren. Masu harkar sun fi son ƙaramar ambulan ta takarda da aljihun auduga a ciki. Ka riƙa kama kwabo ta baki, ba ta fuska ba, kada kuma ka yi magana a kansa, ɗigon yawu guda yana zama baƙin tabo bayan watanni. Idan wata rana ka dawo da su gida, laimar damina ce babbar abokiyar gabarsu. Akwati mai rufuwa da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi sun wadatar.

Akwai wani fage da ya girmi senti, kuma ni shi ya fi jan hankalina. Bayan samun 'yanci, kafin a kafa gidan buga kuɗi na tarayya da dokar 1792, ƙananan kuɗin da ke yawo yawancinsu rabin kwabon Ingila ne, da yawa kuma jabu marasa nauyi. Sai jihohi suka shiga yin nasu. Connecticut ta ba 'yan kwangila izini daga 1785, aka samu haɗin hatimai sama da 300, wasu da kuskuren rubutu a sunan jihar kanta. New Jersey ta fara a 1786 da kan doki a saman garma, bayan kuma garkuwa da E PLURIBUS UNUM. Vermont a lokacin ba ta ma shiga tarayyar ba, sai 1791. Reuben Harmon ya buga mata nata a garin Rupert, da rana tana fitowa daga bayan duwatsu, da rubutun Latin mai cewa ita ce tauraro na 14. Massachusetts, a 1787 da 1788, ta buga nata da kanta, da hoton ɗan asalin ƙasar riƙe da baka da kibiya, kuma aikinta ya fi na sauran tsafta. Majalisar tarayya ma ta ba James Jarvis kwangilar tan 300 na jan ƙarfe a 1787, abin da ya haifar da kwabon Fugio mai agogon rana da zobba 13 sarƙe da juna. Jarvis bai cika alkawari ba, ya bar ƙasar. Ganga guda ta Fugio ta zauna a Bankin New York tun 1788, shi ya sa har yau ake samun waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba.

Dole ka sauya ido idan ka shiga wannan fagen. Kwabon da ya fito dishi-dishi ba lallai ne ya goge ba, sau da yawa haka aka buga shi, da hatimi marar zurfi a kan faifai mai tsaga. A masana'antar Thomas Machin kusa da Newburgh, da gangan ake yin jabun rabin kwabon Ingila mai kama da tsoho, da shekarun baya, don ya shige cikin jama'a ba a lura ba. Yau waɗannan jabun kansu ana tara su da tsada. Wasu na New Jersey kuma a kan kwabban wasu wurare aka buga su, har kana iya karanta ragowar tsohon rubutun a ƙasa. A 1789 jabu ya yi yawa har 'yan kasuwa suka daina karɓar jan ƙarfe sai da ragi mai tsanani, masana'antun suka durƙushe.

Idan aljihu bai da nauyi, to ka dubi kwabban 'yan kasuwa, waɗanda ba gwamnati ta yi ba. Lokacin da bankuna suka daina biyan azurfa da zinariya a rikicin 1837, mutane suka ɓoye tsaba, canji ya yi wuya. Masu shaguna suka sa aka buga musu kwabbai masu girman senti ɗauke da sunan shago da adireshi, 'yan siyasa kuma suka yi nasu suna sukar shugabannin ƙasa Andrew Jackson da Martin Van Buren kan rikicin banki. Wasu sun kwaikwayi senti sak, sai suka rubuta NOT ONE CENT a baya don kauce wa tuhumar jabu. Lyman Low ne ya fara tsara su da lambobi. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na 1838 da masu yaƙi da bauta suka fitar: mace baƙar fata a durƙushe, hannuwanta a sarƙa, da rubutu mai tambaya ko ita ba mace ba ce, ba 'yar'uwa ba ce. Mutane sun karɓi wannan a matsayin canji a kanti shekara 27 kafin a haramta bauta a faɗin ƙasar a 1865. Lokacin yaƙin basasar Amurka abin ya sake faruwa, aka buga miliyoyin ƙananan kwabban 'yan kasuwa har majalisa ta haramta su a 1864. Tunda a Ohio kake, ka dace, domin birnin Cincinnati na cikin manyan wuraren da aka sassaƙa su, kuma kana iya samun na garin da kake zaune.

Game da jabu, shekarun da suka fi tsada su ake yi wa. Senti na 1799 da na 1804 su ne mafiya wuya a jerin, don haka tun ƙarni na 19 ake sassaƙe 8 ta 1798 a mayar da ita 9. Na 1804 na gaske da hatimai biyu tak aka buga shi, na fuska ɗaya da na baya ɗaya, kuma sifilin shekarar yana saitin O ta kalmar OF da ke baya. Duk wanda ya nuna maka senti na 1815, gyararre ne. Akwai tsofaffin kwafi da ake haɗa ɓawo biyu a cika da dalma, za ka ga layin haɗi a bakinsu. Akwai kuma sababbin jabu da ake bugawa da inji, wasunsu sun yi kyau har sun taɓa tsallake kamfanonin aunawa. Dokar 1973 ta wajabta a buga COPY a kan kowane kwafi, amma mai niyyar cuta ba ya bin ta. A nan ne ilmin hatimi ke ceton mutum, domin kwabon da bai dace da kowane sanannen hatimi na shekararsa ba abin zargi ne tun daga farko.

Shawarata ita ce ka kafa wa kanka iyaka. Jera 1840 zuwa 1856 tukuna, duk masu sauƙin samu ne, ka zaɓi masu launi iri ɗaya, sannan 1857 da aka buga kaɗan. Bayan nan ka koma 1816 zuwa 1839, inda 1821 da 1823 za su ba ka aiki, 1818 da 1820 kuwa ana samunsu sababbi fil saboda wata ganga da aka gano a Georgia bayan yaƙin basasa, wadda ake kira da sunan John Swan Randall da ya saye ta. Kafin ka sayi kwabo mai tsada, sayi littafin hatimai da gilashi mai ninka girma sau 7 zuwa 10. Ka shiga ƙungiyar Early American Coppers da aka kafa a 1967, tana da mujalla da taron shekara-shekara inda manya ke baje kwabbansu a tebur kowa ya ɗauka ya duba. Masu son na zamanin jihohi kuma suna da tasu, Colonial Coin Collectors Club. Duk kwabon da ka saya, rubuta a ambulan ɗinsa ranar saye da farashi da wanda ya sayar maka, kuma idan ya zo da tsohuwar ambulan kada ka yar da ita. A wannan fage tarihin hannun da kwabo ya bi yana ƙara masa daraja.

Tambayarka ta ƙarshe, ta riba. Gaskiya kwabbai na gama-gari ba sa tashi da sauri, kuma tsakanin farashin da dillali zai sayar maka da wanda zai saya daga hannunka akwai rata babba, gidajen gwanjo ma suna cire kasonsu. Waɗanda suka ci riba galibi mutane ne da suka riƙe zaɓaɓɓun kwabbai shekaru masu yawa, ko waɗanda idonsu ya ƙware har suka tsinci hatimi mai wuya a cikin kwalin dillalin da bai duba ba. Saboda haka kada ka sa kuɗin haya ko na aika wa gida a ciki. Ware abin da ba zai dame ka ba a wata, kada ka sayi komai daga hoto mai duhu, kuma duk mai sayarwa da bai yarda a mayar masa da kaya idan ba su yi ba, ka bar masa kayansa.